Kashi na 31: Ranar da 'yan aji biyar suka karɓi alli a Ƙofar Kaura

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta a nitse.

Yau maganar makaranta za mu yi. Amma kar wanda ya gama sakandare ya ce shi ba ruwansa, domin zancen zai biyo ta kan rijiyar gidanku, da lambatun ƙofar gidanku, da kuɗin da kuke ba mai ruwa kullum safe. Ku dai biyo ni.

Ni ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke nan yankin Ƙofar Kaura a cikin Katsina. Duk wanda ya yi wannan darasi ya san ciwonsa. Yaro zai haddace maka nau'in duwatsu uku, ya zana maka yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije ya dawo, ya ci maki a jarrabawa, amma ka tambaye shi me ya sa ruwa ke kwanciya a layinsu bai kwanciya a layin bayansu, sai ya tsaya yana kallonka. Karatun yana cikin littafi, unguwar tana waje, ba a taɓa haɗa su ba.

To a zangon ƙarshe, daidai faɗuwar damina, sai na ce wa 'yan aji biyar ɗina: darasin sati biyu masu zuwa ku za ku koyar da shi. Na zaɓi mutum 12, maza da mata, kuma ba na gaba-gaba kaɗai na ɗauka ba, har da 'yan bayan aji masu barci. Na kafa masu sharuɗɗa huɗu. Minti 40 ne kawai. Darasin ya tsaya kan tambaya guda ɗaya. Ba za a cika allo da rubutu a ce a kwafa ba. Sannan ba wanda zai sayi komai, duk abin da za a yi amfani da shi a samo a gida ko a bola.

Kar ku ɗauka wani sabon abu na ƙirƙiro. Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san babban ɗalibi ne ke biya wa ƙanana, kuma shi ma a nan karatunsa ke ƙara zama. A Ingila, wajen shekarar 1800, Joseph Lancaster ya yi suna da tsarin sa manyan yara su koyar da ƙanana. A Jamus, wani malamin Faransanci, Jean-Pol Martin, ya mayar da abin cikakkiyar hanya ta koyarwa tun shekarun 1980. Akwai kuma binciken da aka wallafa a Amurka a 2014, inda aka ba ɗalibai rubutu ɗaya su karanta, aka ce wa wasu jarrabawa za a yi masu, wasu kuma aka ce za su koya wa wani. Waɗanda suka sa rai za su koyar sun fi riƙe muhimman abubuwan kuma sun fi tsara su. Mu kuma nan Katsina ai gidan abin ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka kafa ta, kuma Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da suka fito daga cikinta sai da suka riƙe alli kafin su riƙe mulki.

Zaman farko rigima aka yi. Mazan nan suka dage sai dutse mai aman wuta, wai sun ga yadda ake haɗa shi a TikTok yana tumbatsa kumfa. Wasu suka ce a'a, girgizar ƙasa ta fi ban tsoro. Ni na zauna gefe ban ce uffan ba. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu da ba mu taɓa ganin dutse mai aman wuta ba. Amma duk Agusta sai ruwa ya shigo mana zaure, in rani ya yi kuma mu sayi ruwa a jarka. Ina ruwan nan yake zuwa?"

Shi ke nan, tambaya ta samu. Suka rubuta ta a saman takarda: ruwan saman da ke sauka a Ƙofar Kaura, ina yake tafiya? Suka kasu uku, mutum huɗu-huɗu. Rukunin farko su ne 'yan sama, aikinsu su gano yawan ruwan da ke sauka. Na biyu 'yan ƙasa, su gano abin da ke faruwa idan ya taɓa ƙasa. Na uku 'yan ƙarƙashi, su bi wanda ya nutse. Kowane rukuni minti 10, sauran minti 10 na tambayoyi. Kuma a cikin kowane rukuni kowa da aikinsa, akwai mai magana, mai riƙe kaya, mai duba lokaci, da mai amsa tambaya, saboda kar mutum ɗaya ya yi komai sauran su laɓe bayansa.

Ranar darasi na koma benci na ƙarshe na zauna, su suka hau gaba.

'Yan sama suka fara. Ma'aunin ruwan sama nasu gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki da rula. Sun ajiye shi a tsakar gida, nesa da bango da indararo, duk safiyar da aka yi ruwa su tsoma rula su rubuta. Mai maganarsu ya ce, "Kun san in an ce ruwa milimita 1 ya sauka, me ake nufi? Ana nufin kowane fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 ya samu lita 1." Sai ya ce a ɗauki rufin kwano mai mita 10 ta nan, mita 10 ta can. Katsina na samun wajen milimita 600 a shekara, wata shekarar ya fi, wata ya gaza, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Ya buga lissafi a allo: lita 60,000 kan rufi ɗaya. A jarka mai lita 25, jarka 2,400 ke nan. In kurar mai ruwa na ɗaukar jarka 12, kura 200.

Wallahi ajin ya yi tsit. Wani daga baya ya ce, "Kai, ƙarya ne!" Aka ba shi alli aka ce zo ka buga da kanka. Ya buga, ya samu haka, ya koma ya zauna yana sosa ƙeya. Mai maganar ya ƙara da cewa ko a dare ɗaya, a ce milimita 30 ya sauka, rufin nan ya zubar da jarka 120, kuma a yawancin gidaje indararo ne ke watsa shi titi.

Sai 'yan ƙasa. Sun yanke gorar roba uku, suka kifa bakinsu ƙasa, suka ɗaure da ƙyalle. Ɗaya suka cika da yashi, ɗaya da jar ƙasa mai burji, ɗaya da laka irin wadda ake tubali da ita. Kafin su zuba ruwa sai da suka sa aji ya yi canke: wanne zai riga wucewa? Suka zuba kofi ɗai-ɗai, mai duba lokaci na ƙirgawa. Na yashi nan da nan ya zarce. Na jar ƙasa ya biyo baya a hankali. Na laka kuwa har aka tashi darasin ruwa na kwance a kai, sai ɗigo jefi-jefi. Yarinyar da ke bayani ta ce dalili shi ne girman ƙwayar ƙasar. Ƙwayar yashi manya ce, akwai ƙofofi a tsakaninta. Ta laka ƙanana ce ƙwarai, tana manne da juna, in ta jiƙe ma sai ta kumbura ta toshe hanya. Sannan ta ɗauko guntun bulo da aka shafe da siminti ta zuba masa ruwa, duk ya gangare ƙasa. Ta ce, "Wannan shi ne tsakar gidanmu yanzu, shi ne kwalta, shi ne dandamalin ƙofar shago."

A nan ne suka kawo maganar kududdufi, kuma wannan daga bakin kakanninsu suka samo shi. Tsohon birnin nan da ƙasa aka gina shi. Ganuwa da ƙofofinta, Ƙofar Kaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar Yanɗaka, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, da Hasumiyar Gobarau mai tsawon kusan ƙafa 50, da gidajen mutane, duk ƙasa ce aka haƙo. Inda aka haƙo ɗin ya zama rami, ramin ya zama kududdufi. In an yi ruwa can yake taruwa, ya nutse a hankali. Yau da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai. Ruwan bai san an sayar da filin ba, in ya zo tsohon wurinsa zai nema.

Gwajinsu na biyu ya fi ba ni sha'awa. Tire biyu, ɗaya an yanko ƙasa da ciyawarta an shimfiɗa, ɗaya ƙasa ce tsirara. Suka jingina su a karkace, suka yi masu ruwan sama da gwangwani mai huji-huji. Ruwan da ya fito daga mai ciyawa kaɗan ne kuma garai-garai. Na ɗayan kuwa jawur, har ya fara yanka ƙaramin kwazazzabo a tsakiyar tiren. Suka ce wannan ita ce zaizayar ƙasa, kuma ba sai an je nesa ba. Suka tuna wa aji ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayukan mutum fiye da 40 a dare ɗaya. Wasu a ajin suna da dangi can, don haka ba wanda ya yi dariya. Suka kuma kawo misalin maƙwabtanmu na Maraɗi, inda tun shekarun 1980, bayan fari ya gallabe su, manoma suka daina tumɓuke kututturen itace a gona, suka koma barin tohon da ya fi ƙarfi ya girma suna yi masa aski. Gawo na cikin itacen da suka fi bari, don shi da damina yake kaɗe ganye, bai hana gero rana. Da wannan dabara Nijar ta dawo da itatuwa a fili mai faɗin miliyoyin hekta.

'Yan ƙarƙashi su ne na ƙarshe, kuma su ne aikinsu ya fi wuya, don abin da za su koyar ba a ganinsa. Yawancin ajin sun ɗauka akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa da ke gudu, mai rijiya in ya yi sa'a ya faɗa kansa. Ɗaya daga cikin 'yan rukunin kakanta tsohon maginin rijiya ne, sai ta je ta tambaye shi. Ta ba mu labari a aji yadda suka yi. Wai da ta shiga ta gaishe shi, ya ce, "Amaryata, yau kuma boko ne ya aiko ki wurin tsoho?" Ta ce, "Kaka, in ana gina rijiya me ake tararwa?" Ya lissafa mata da yatsu: da fari rairayi, sai jar ƙasa, sai marmara mai cin diga, sai wani dutse da ya ruɓe wanda za ka murje da hannu, a nan danshi ke farawa. In ka wuce shi ka taɓa dutse mai rai, wanda diga ke tartsatsi a kai, to ka ajiye kayan aiki.

Ta zana abin da ya faɗa a gefe ɗaya na allo, ta zana na littafi a ɗaya gefen, sai ga su sun yi daidai. Yawancin ƙasar jihar Katsina zaune take kan tsohon dutse mai tauri, irin giranit ɗin da ake fasawa a yi tsakuwar gini, irin falalen duwatsun da kuke gani a hanyar Dutsin-Ma. Shi wannan dutse bai shan ruwa. Ruwan yana zama ne a wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen saman dutsen, da cikin tsagar da ke jikinsa. Ruɓewar nan kuwa aikin ruwa da zafi ne na dubban shekaru, kuma ita ce ke haifar da laka. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara ma ta haka ta samu.

Sai wani ya jefo tambaya: "To me ya sa burtsatsen maƙwabcinmu ke ba da ruwa har cikin bazara, namu kuma ya ƙafe, alhali katanga ce kawai tsakaninmu?" Na ga mai amsa tambayar ya ɗan daburce, ya kalle ni. Na kawar da kai. Ya yi shiru, sai ya ɗauki alli ya ja layin tsaga a jikin dutsen da aka zana, ya saukar da burtsatse ɗaya ya dace da tsagar, ɗaya ya kuskure ta da kaɗan. Ya ce, "Na maƙwabcinku ya samu tsaga, naku bai samu ba." Kuma haka ne. Abin da ya sa ke nan masu aikin ƙwarai ke auna ƙasa da na'ura mai tura lantarki kafin a kawo motar haƙa, don a gano inda dutsen ya ruɓe sosai ko ya tsage.

Gwajinsu na ƙarshe shi ne wanda ya bi yara har gida. Bokitin roba mai garai-garai, an zuba tsakuwa a ƙasa, yashi a sama. A gefe ɗaya suka soka guntun tiyo, suka ce wannan rijiya ce. Suka yi ruwan sama, kowa ya ga ruwa ya nutse, ya taru a ƙasa, ya hau cikin tiyon. Sai suka tona ɗan rami a ɗaya gefen, suka ce wannan masai ne, suka ɗiga bula a ciki, suka ƙara ruwa. Suka riƙa zuƙo ruwan rijiyar da sirinji. Zuƙa ta farko fari. Ta biyu fari. Ana cikin haka sai ga shi ya fara fitowa shuɗi-shuɗi. Ba wanda ya buƙaci a yi masa fassara. Yarinyar ta ce ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, ta tuna masu annobar amai da gudawa ta 2021 da ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin da ta taɓa.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi ƙarfinsu a ranar: wanda ya gangare ya bi lambatu, ina ƙarshensa? Sun san ruwan cikin gari na faɗawa rafuka irin Ginzo, inda masu lambu ke noman rani a gefe, amma daga nan suka tsaya. Shugabar rukunin ta ce, "Ku ba mu zuwa gobe." Washegari suka dawo da taswira, suka bi Kogin Gada, wanda aka datse a Jibiya, suka nuna yadda ya tsallaka Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa Najeriya ya shiga Rima, daga nan Kogin Sakkwato, sai Kwara, sai teku. Suka kuma nuna madatsar Ajiwa da ta Zobe, suka ce ruwan famfon ma ai ruwan saman ne da aka tare.

Bayan kwana uku wani yaro, ɗaya daga cikin 'yan bayan ajin nan, ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, na auna namu. Taku tara ne tsakanin rijiya da masai." Na ce ka faɗa wa Baba? Ya ce ya faɗa, Baba ya ce masa, "Kai kuma yaushe ka zama injiniya?" Amma wai da dare ya ji Baban na maimaita wa Inna maganar. Gidan ƙarami ne, ba inda za a mayar da masai, wannan gaskiya ce da darasin minti 40 bai iya gyarawa. Abin da suka iya shi ne sun ɗaga bakin rijiyar, sun yi mata murfi, ruwanta ya koma na wanki da wanka, na sha kuma ana tafasawa.

Kar in yi maku daɗin baki, hanyar nan tana da tsada. Ta ci sati biyu na shiri don darasi ɗaya, ga manhaja na jira, ga WAEC da NECO a gaba. Ba kowane darasi za a yi haka ba. Kuma malami bai samu hutu ba, aikinsa ne ya sake kama: dole ya ga shirinsu kafin ranar, ya tace abin da suka kwaso a intanet don kar a koya wa aji kuskure, sannan ranar darasi ya iya kama bakinsa.

In kai ɗalibi ne kana son ku gwada, ga abin da zan ce maka. Ku nemi tambayar da amsarta ke unguwarku. Ku sa aji ya yi canke kafin kowane gwaji, don wanda ya yi canke ba ya barci. Ku gwada komai a gida tukuna, kar bula ta ƙi fitowa a gaban mutane. Ku je wurin wani dattijo mai sana'ar, maginin rijiya, ko manomi, ko mai tukwane, ku gaishe shi da ladabi ku tambaya. In an yi maku tambayar da ba ku da amsa, ku ce a ba ku zuwa gobe, kuma goben ku kawo. Sai ku sami malaminku ku roƙe shi minti 40. Da wuya ya hana.

Ku kuma da kuka bar makaranta, ga naku aikin gidan. Yau in kun koma, ku taka daga bakin rijiya zuwa masai ku ƙirga. Ku auna rufin ɗakinku, ku buga lissafin nan na jarka, ku ga abin da indararo ke zubarwa titi. Wanda ya yi ya faɗa mana abin da ya samu, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Ku tura wa duk malamin da kuka sani da ƙannenku 'yan sakandare.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.